Saniya Na Da Takarda, Mai Ita Fa?

 A wannan fitowa mun jingine maganar farashi da ta tsadar dussa, don mu taɓo wata magana wadda ba a yin mako guda ba a kawo mana kukanta a ofishin ƙungiya ba, watau maganar takardar shaida. Kowa da irin bakin da yake kawo ta, amma tambayar ɗaya ce: wai wace takarda ce ke wucewa? Wannan ya dawo daga kasuwar Alhamis ta Maigatari ya ce ya nuna kart dantite ɗinsa wajen karɓar kuɗi an ce ba a san ta ba. Wancan ya dawo daga Kumasi ya ce layin wayar da ya shekara biyar yana ciniki da shi ya wayi gari a mace. Wani kuma yaronsa aka sauke a bariya, shanu suka wuce, yaro ya kwana biyu zaune a gindin bishiya.

Amsar da muke ba su ita za mu maimaita a nan, ko da ba ta da daɗin ji: babu takarda guda da ke buɗe kowace ƙofa. Mai kaki a bakin iyaka ƙasarka yake tambaya. Ma'aikacin banki da mai sayar da layin waya lamba suke nema, kuma lambar ƙasarsu, ba ta taka ƙasar ba. A cikin kara kuwa har gobe tambayar ita ce, wa ya san ka? Abin da ya fi damunmu, wanda kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne dabarar da da yawa daga cikinmu suka ɓullo da ita don kauce wa wannan ruɗani, watau aron suna. Aron layi, aron asusun banki, wani lokaci har aron kati. Mu a ganinmu wannan ya fi rashin takardar haɗari, kuma za mu kawo dalili.

Amma tukuna mu tuna inda aka fito. Iyayenmu sun kai shanu Ikko da Badun da Kumasi da Akara babu hoton kowa a aljihu. Shaidar bafatake ita ce maigidansa, watau fatoman da yake sauka a wurinsa. Shi ke ba shi ɗaki da tuwo, shi ke haɗa shi da dillali, shi ya san mahaucin da za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, in mahauci ya yi nauyin biya shi ke bi, in ta ƙure shi ke biya daga aljihunsa don kada sunan gidansa ya ɓaci. In baƙo ya rasu a can, maigida ne zai ƙirga abin da ya bari a gaban sarkin zango, ya aika wa magada. Saniya ma tana da tata shaidar, tsagar kunne da lambar wuta, wadda mai ido zai duba ya ce wannan ta rugar wane ce. Wannan tsari bai mutu ba, kuma ba mu fatan ya mutu, don har yau da shi ake sayar da mota guda ta shanu a kan kalmar baki. Sai dai tun a wancan zamani ya nuna iyakarsa. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, mutanen da suka yi shekara talatin a zango suka karyar da gidaje da garke a wulaƙance. A 1983 Najeriya ta yi irin haka a zamanin Shagari, kuma ba 'yan Gana kaɗai abin ya shafa ba, da 'yan Nijar da 'yan Chadi a ciki. A irin waɗannan ranaku maigidan da kansa takarda aka tambaye shi.

To, me doka ta ce game da bakin iyaka? Yarjejeniyar 1979 ta ƙungiyar CEDEAO, wadda a Najeriya da Gana ake kira ECOWAS, ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Mutanenmu sun riƙe wannan rabin maganar sun saki ɗaya rabin. Ba biza ba ya nufin ba takarda. Yarjejeniyar ta ce sai mutum yana da takardar tafiya mai aiki, da katin allurar rigakafi. A 1985 aka fito da ɗan littafin tafiya na ƙungiyar, wanda muke ce wa karne, a 2000 aka amince da fasfo mai tambarinta, a 2014 kuma shugabanni suka yarda a yi katin shaida mai ɗauke da zanen yatsa wanda zai maye gurbin karne. Senegal ce ta fara ba da shi a 2016, kuma katin ɗan ƙasa na Gana na yanzu irinsa ne. Tsakanin ƙasashen sefa na yamma kuwa kart dantite ta daɗe tana wucewa, shi ya sa mutumin Balleyara ya saba shiga Burkina ko Togo da ita kaɗai, har ya ɗauka ko'ina ma haka ne. Ba haka ba ne. Ranar Lahadi mutumin Konni zai shiga kasuwar Illela ya fito babu wanda ya ce masa uffan, don kowa ya san kowa. Amma wanda ya loda mota ya zarce Sakkwato, ya nufi Agege, ya bar inda fuskarsa ke aiki. Can fasfo ko karne ne abin nunawa.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cutar mutanenmu a kansu saboda rashin sani. Na ɗaya katin rigakafin shawara. A da shekara goma yake yi, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, saboda haka wanda ya ce maka katinka ya mutu don ya shekara goma, bai faɗi daidai ba. Na biyu kwana 90 ɗin nan. Wanda ke kai kaya ya sayar ya dawo, ba ruwansa. Amma wanda ya tare a Oko-Oba ko a Tulaku ta Ashaiman, yana karɓar kaya yana aiko da kuɗi shekara da shekaru, wannan mazauni ne, kuma takardar zama ta ƙasar da yake ciki ake nema a wurinsa. Katin da ofishin jakadancin ƙasarsa ke ba shi, kart konsile, yana da amfani ƙwarai in wata matsala ta taso, don yana nuna ƙasarsa ta san da zamansa, amma ba fasfo ba ne, ba kuma takardar zama ba ce.

Sa'an nan ga sabon lamari. A watan Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina suka ce sun fita daga CEDEAO, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025, kuma a wannan rana aka fara aiki da fasfo na ƙawancensu na AES. A lokacin CEDEAO ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katunan mutanen ƙasashen uku masu tambarinta, a bar su su yi zirga-zirga ba biza har zuwa wani sabon umurni. Su ma ƙasashen uku sun ce 'yan CEDEAO su shigo ba biza. Wannan magana ce ta manya, kuma mun ji daɗinta. Amma kowa ya san maganar da aka yi a Abuja ko Yamai takan gaji kafin ta isa shingen da ke bayan gari, inda mutum ɗaya da tocila shi ne doka. Shawararmu ita ce wanda ke tafiya mai nisa, yana da hali, ya yi fasfo. Mun san da tsada, mun san da jeka-ka-dawo. Amma ita ce takardar da aka fi jin kunyar ƙi, kuma wanda ke juya kuɗin shanu talatin a tafiya guda bai kamata ya ce fasfo ya fi ƙarfinsa ba.

'Yan'uwanmu na gabas kuwa su lura, Kamaru da Chadi ba su taɓa zama cikin CEDEAO ba. Tasu ƙungiyar CEMAC ce, wadda a 2017 ta kammala buɗe wa 'ya'yanta ƙofa. Don haka mutumin Damagaram ko na Bawku kada ya ɗauka yarjejeniyar 1979 ta bi shi har Kuseri. Ya tambayi abin da ake nema kafin ya tashi. 'Yan Kamaru sun sha fama shekaru da 'yar takardar jiran kati, resefise, wadda ake ta ƙara wa wa'adi har ta tsufa a aljihu, wani ya karɓa wani ya ƙi, sai a 2025 aka kawo sabon tsari, kuɗin kati ya koma jaka goma. A Chadi tun 2020 ake ba da kati mai lambar ɗan ƙasa. Duk inda ka juya dai lamba ce.

Abin dariya, in da abin dariya ne, shi ne saniya ta fi mai ita takarda. Tana da tikitin kasuwar da aka saye ta, tana da takardar likitan dabbobi, tana da rasit na duwan, a ƙasashen CEMAC ma har fasfon dabbobi ake yi mata. Waɗannan ba mu wasa da su, don mun san in babu su mota ba ta motsi. Za ka ga Alhaji da jakar leda cike da takardun bisashe, an jera su tsaf, amma in aka ce ina taka, sai ya shiga lalube. A nan ma akwai wani kuskure da ya kamata a gyara. Takardar ƙetare iyaka da garke wadda CEDEAO ta kafa a 1998 ta makiyaya ce masu tafiya cin rani da dabbobinsu. Dokar da kanta ta ce ba ta shafi dabbobin da ake kai wa kasuwa ba. Wanda ya ari ta Bafillace don ya shigar da shanun sayarwa, in aka kama shi ya jawo wa kansa, ya kuma jawo wa makiyayin da ya ba shi.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda gizo ke saƙa. Dattawanmu sun tuna da 1994, ranar da aka karya darajar sefa aka wayi gari lissafi ya juye, amma ko a lokacin kuɗi a hannu yake. Ka sayar, ka ƙirga, ka ɗaure a ƙugu ko a buhu, ka zo bakin iyaka wajen 'yan canji. Wannan zamani ya ƙare a farkon 2023. Babban bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoban 2022 cewa zai canza takardun naira 200 da 500 da 1000, aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba, kasuwannin Potiskum da Mubi da Maigatari da Mai'aduwa suka cika da dabbobi babu tsabar kuɗin saye. Daga nan mahauci ya koyi cewa zan tura maka, kuma ko da kuɗi suka dawo bai daina ba, don shi ma ya huta da fargabar 'yan fashi. To, a tura ina? Bafataken da ya fito daga Tanut ko Masakori ba shi da asusu a Najeriya. Sai dillali ya ce kada ka damu Alhaji, ga lambar yarona. Sai kuɗin shanu ashirin su faɗa cikin wayar yaro ɗan shekara ashirin da biyu, Alhaji yana tsaye yana kallo, an nuna masa saƙo a gilashi wanda ba ya iya karantawa.

Banki a Najeriya yana karɓar katin ɗan ƙasa ko takardar lambar NIN, ko fasfo, ko lasin tuƙi, ko katin zaɓe. Baƙo kuwa fasfonsa da takardar zamansa ake nema. Bayan wannan ga lambar banki ta BVN da aka fara a 2014, wadda ke haɗe da zanen yatsan mutum. A watan Disamban 2023 babban banki ya ce duk asusu, har da na cikin waya, sai an haɗa shi da waɗannan lambobi. Layin waya ma haka: tun Disamban 2020 aka ce a haɗa kowane layi da NIN, aka yi ta ƙara wa'adi har watan Satumban 2024, aka rufe waɗanda ba a haɗa ba. A Gana abin ya fi tsanani, don tun 1 ga Yulin 2022 katin Gana kaɗai banki ke karɓa, da shi kuma aka sake rajistar layukan waya, aka kashe na waɗanda ba su yi ba a 2023. Baƙo mazauni yana da nasa katin na daban, wanda lokacin da aka fito da shi aka sa wa dala 120 a karon farko da 60 na sabuntawa kowace shekara. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Ko a gida ma, wajen kamfanonin aika kuɗi, in sunan da aka rubuto bai yi daidai da na katinka ba sai ka koma ka nemi wanda ya aiko ya gyara.

Mun fahimci abin da ya sa ake aro. Amma ku ji abin da ya sami wani ɗan ƙungiyar nan, wanda ba za mu faɗi sunansa ba, ko da yake da yawa sun san maganar. Shekara biyu yana ajiye kuɗinsa a asusun ɗan maigidansa a kudu. Yaron kirki ne, ko sisi bai taɓa ɓata ba. Ana nan sai Allah ya yi wa yaron rasuwa a hatsarin babur, da kuɗin lodi guda cif a cikin asusun. Da aka je banki sai aka ce kuɗin mamaci na magadansa ne, sai an kawo takardar kotu, kuma banki bai yi ƙarya ba, don a littafinsa sunan yaron ne kaɗai. Uban yaro ya san gaskiya ya faɗe ta. Amma yaron yana da mata da ɗa, dangin matar suka ce a nuna masu rubutu. Babu rubutu. Sai da aka yi wata bakwai ana zama, da sarkin kara da limami da rantsuwa, kafin mutumin nan ya sami wani abu daga cikin dukiyarsa, jarinsa ya karye, zumuncin shekara ashirin tsakanin gidaje biyu ya yi tsami. A cikin maganar nan duka babu ɓarawo ko ɗaya. Kayan aro ne kawai bai rufe katara ba.

Shi ma mai ba da aron ba tsira ya yi ba. A wannan zamani na satar shanu da garkuwa da mutane, jami'an tsaro kuɗi da waya suke bi. In ka ba wani lambarka aka turo kuɗin saniyar da daga baya aka gane ta sata ce, ba wanda ya karɓa a hannu za a nema ba, mai sunan za a ɗauka. Haka wanda ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin tasha, bai san sunan wa ke kai ba, bai san abin da mai sunan ya aikata ba. Ran da wayar ta faɗi ko aka sace, ba zai iya dawo da layin ba, don kamfani mai rajista zai ce ya zo da kansa. Shi ke nan lambar da mahauta goma suka sani, da 'yan kuɗin da ke ciki, sun tafi.

Akwai kuma waɗanda suna da takardu, amma takardun ba sa ga maciji da juna. Wannan ya fi kowace matsala yawa a cikinmu, kuma ba laifin kowa ba ne sai na alƙalami. Malamin da ya yi karatun Faransanci ya rubuta Ousmane, na Najeriya ya rubuta Usman, na Gana ya rubuta Osman. Aboubacar a nan, Abubakar a can, Bukari a gaba. A Nijar sunanka ake sa wa sai na mahaifinka. A Najeriya takarda na neman sunan dangi, sai mutum ya rasa abin faɗi ya ba da sunan garinsu, ko ya ce a sa Alhaji. Ga ranar haihuwa: dattawa da yawa an rubuta masu an haife shi wajen shekara kaza, na'ura kuwa ba ta san wajen ba, sai ta sa 1 ga Janairu, a wata takardar kuma mutum ya faɗi wata shekara dabam don ya manta abin da ya faɗa da farko. A zamanin alƙalami ma'aikaci zai dube ka ya ce ai kai ne, wuce. Kwamfuta ba ta da wannan kara. Harafi ɗaya ya bambanta, mutum ɗaya ya zama mutum uku, kuɗinsa su maƙale a tsakani.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, ta masu kati biyu. Mu ba mu ga abin kunya a nan ba. Iyaka ce ta same mu, ba mu muka same ta ba. Akwai wanda uwarsa 'yar Jibiya ce ubansa na Ɗan Isa, akwai gidajen da rabi ke Magarya rabi ke Daura. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarda ɗan ƙasa na haihuwa ya riƙe wata ƙasar, Nijar ma ta yarda da haka tun 2014. Kamaru ce ba ta yarda ba, 'yan can su kiyaye. Wanda ke da haƙƙi ya bi ta ƙofar gaba ya karɓi abinsa, da suna ɗaya da shekara ɗaya a duka biyun. Wanda ba shi da haƙƙi kuwa, ya je ya sayi takardar ɗan asalin wata ƙaramar hukuma da sunan da ba nasa ba, ya sani yatsan da ya dangwala ba ya canzawa, kuma ranar da abin zai tashi ba ranar da ya shirya ba ce. Abin takaicin ma shi ne sau da yawa ƙaryar ba ta da amfani, domin lambar NIN ba ta 'yan ƙasa kaɗai ba ce. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da damar yin ta da sunansa na gaskiya da ƙasarsa ta gaskiya.

Sai yaranmu. A nan kam laifin namu ne, mu masu dukiya. Yaron da ke kwana a kan katako bisa ƙahonin shanu daga Maraɗi har Ikko, yana tayar da wadda ta faɗi da tsakar dare, mafi yawansu ko takardar haihuwa ba su da ita. In aka zo shinge shi ake fara saukewa, musamman in Bafillace ne, don a wannan zamani an ɗora masu zargin da yawancinsu ba su ji ba su gani ba. Sai direba ya ce ba zai jira ba, ko ya jira shanu su yi ta ramewa a rana, wata ta durƙushe a yanka ta a sayar a bakin hanya da rabin kuɗi. Ku lissafa asarar wuni ɗaya irin wannan, ku gwada da abin da za a kashe a yi wa yaro kati. Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa yana jariri ba, kotu na yi masa in ya kawo shaidu, kuma lokaci-lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi wa jama'a a taro. Da ita sai a je komisariya a yi kati. A Gana ma wanda ba shi da takardar haihuwa ko fasfo, ɗan'uwansa mai kati yana iya rantsuwa ya tsaya masa. Kun ga ke nan ita kanta gwamnati, in ta bi diddigi, ga shaidar mutum take komawa, irin wadda muka gada. Bambancin kawai ita tana rubutawa.

Wasu sukan ce, to katin ƙungiya fa, me ya sa muke biyan kuɗinsa? Katin ƙungiya yana nuna kai ɗan sana'a ne, akwai waɗanda suka san ka, akwai inda za a kira a tambaya. Ya sha fid da mutane daga zargin sata, ya sha sa sarkin kara na wani gari ya karɓi baƙo hannu biyu. Amma ba mu taɓa ce wa kowa fasfo ne ba. Ba ya buɗe asusu, ba ya sayen layi, kuma ma'aikacin shige da fice da ya ƙi shi bai karya doka ba. Wanda ya ce maku da katin ƙungiya kaɗai za ku je Kumasi, ku ce masa mu ba mu faɗa ba.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce, don an faɗa mana a fuska. Wani ya ce, ni shekara arba'in ina bin hanyar ga, da takarda da babu takarda duk sai na ba da na goro, to mi takardar ta ƙara mini? Wallahi yana da gaskiya a rabin maganarsa. Mu ma mun sha miƙa takardu cikakku a juya su gaba da baya, a ce hoton bai yi kama da kai ba, ko a ce an ga komi amma ba a ga na shayi ba. Wannan zalunci ne, kuma ba za mu daina faɗa wa hukumomin kowane ɓangare ba. Abin da muke roƙonsu ba mai wuya ba ne: a kafa allo a kowace mashiga, a rubuta da Hausa, boko da ajami, takardun da ake nema ga mutum da waɗanda ake nema ga dabba, da kuɗin kowace, a kuma ba da rasit. Amma ɗaya rabin maganar shi ne, mai takarda ciniki yake yi da mai shinge, yana iya cewa ba ni da shi, yana iya cewa mu je wajen babbanku. Marar takarda kuwa abin da aka yanka masa shi zai biya, don ya san in aka je wajen babban shi ne a ƙasa. Kuma ko an ce shinge duk ɗaya ne, banki ba ya karɓar na goro ya saki kuɗin da ke cikin sunan wani.

Wasu kuma tsoronsu haraji ne, wai in gwamnati ta san lambarka ta san dukiyarka. Wannan ba za mu ce ƙarya ba ne. Sai dai mu da ke biya a kasuwa, mu biya a wajen likitan dabbobi, mu biya a duwan, mu biya a kowace jiha da mota ta ratsa, ba mu ga wane ɓuya ya rage mana ba.

Ga abin da shugabannin ƙungiya suka tsayar. Daga kasuwa mai zuwa magatakarda zai riƙa zama a ofis tun daga hantsi har la'asar. Kowa ya zo da duk takardun da yake da su, na nan da na ƙetare, har waɗanda suka mutu, a shimfiɗa su a tebur a gwada suna da suna, shekara da shekara, a gaya masa wadda ke bukatar gyara da inda ake gyara ta, tun kafin lodin Babbar Salla ya taso, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane maigida ya kawo sunayen yaransa marasa takardar haihuwa, da garin da aka haife su da mutum biyu da za su shaide su, don mu kai wa hukuma a dunƙule mu nemi a sa mu cikin fitar alƙalai ta gaba. Wanda kuma a yanzu haka kuɗinsa ke cikin asusun wani, kafin ya samu ya buɗe nasa, su zo su biyu a rubuta a littafin ƙungiya cewa asusu kaza na wane ne amma kuɗin ciki na wane ne, su sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya tafi da kwafi. Ba a karɓar ko tamma a kan wannan aiki. Wanda ba ya karatun boko ya taho da ɗansa ko wani amintaccensa, a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya dangwala.